Ya Haddace Takardar Lakca Ya Kuma Faɗi: Lamarin Wani Ɗalibin Tarihi, 2021 zuwa 2024

Asalinsa da shekarar farko (2021)

Ɗalibin ɗan wani ƙauye ne a gabashin Jihar Jigawa, inda ake noman shinkafa da riɗi. Firamare da sakandare duk na gwamnati ya yi. A firamare da Hausa aka koya masa kusan komai, har darasin Turancin ma da Hausa ake bayaninsa. A sakandare kuwa littafi ɗaya kan zagaya ɗalibai da yawa, don haka abin da malami ya rubuta a allo shi ne littafin: a kwafa, a haddace, a mayar masa da abinsa ranar jarrabawa. Da haka ya ci jarrabawar kammala sakandare, ya samu maki ɗari biyu da 'yan kai a JAMB, aka ba shi gurbi a sashen Tarihi na wata jami'ar tarayya a Arewa.

Yana da wani karatun da ya girmi wannan. Ya yi makarantar allo a hannun kawunsa, wanda alaramma ne, ya sauke yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya kuma riƙe wajen izu ashirin da ka. Zama da takarda na awa uku bai taɓa zame masa wahala ba.

A aji ɗaya bai gamu da wata matsala ba. Yawancin kwasa-kwasan na share fage ne, jarrabawarsu kuma tambayoyin zaɓi ne a kwamfuta, waɗanda ɗalibai ke kira canki-canka. Wanda ya haddace handawut, wato takardar lakca da malami ke bayarwa, zai wuce. Ya gama shekarar da matsakaicin maki (CGPA) 2.90 a ma'aunin 5.00.

Faɗuwar farko (ƙarshen 2021 zuwa Janairun 2022)

A zangon farko na aji biyu jarrabawa ta koma ta rubutu. Sakamakonsa na zangon ya sauko zuwa 1.62, da kariyoba biyu, wato kwasa-kwasan da ya faɗi da sai ya maimaita su. Ni ne malamin da ke kodinetan ajinsu a lokacin, kuma a ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da ya faɗi, tarihin ƙasar Hausa kafin 1800, na samu damar ganin takardar amsarsa.

Tambayar ta nemi ɗalibi ya auna ko labarin Bayajida ya isa ya bayyana yadda daulolin Hausa suka kafu. Ya cika shafi huɗu. Ya kawo Bayajida daga Bagadaza zuwa Borno, ya biyo da shi ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya kai shi Daura, rijiyar Kusugu, macijiya, auren Daurama, haihuwar Bawo, sannan ya jero Hausa Bakwai ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Babu kuskure ko ɗaya a cikin labarin. Awon da aka nema ne babu. Ya samu 6 cikin 20.

A jerin abin da aka ce su karanta akwai maƙalar Abdullahi Smith, Bature masanin tarihi, ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, wadda ta fito a mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya. Smith ya ƙi yarda da cewa wani baƙo ne daga gabas ya zo ya kafa mulki a rana ɗaya. A ganinsa abin daga cikin gida ya tsiro a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa da kasuwa da sarki da masu sarauta. Amsar tambayar tana cikin wannan maƙala. Ɗalibin ya yi hotonta, ya ce ya karanta ta sau uku, kuma yana iya kawo sakin layinta na farko da ka. Ko jimla ɗaya daga hujjarta ba ta shiga amsarsa ba.

Abin da ya gwada da kansa (Janairu zuwa Oktoban 2022)

Fassarar da ya yi wa faɗuwar ita ce bai yi karatu sosai ba, saboda haka ya ƙara awoyi. Ya shiga sahun masu kwana a aji, abin da ɗalibai ke kira TDB: daga bayan isha'i har asuba, da goro da Nescafé, wani lokaci da ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi don korar barci. Washegari ya yi gyangyaɗi a lakca. Ya sayi alƙalamin haskaka rubutu mai ruwan ɗorawa. Na ga takardun daga baya: a wasu shafukan layin da ba a shafa ba ya fi wanda aka shafa ƙaranci.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta shiga yajin aiki, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas yana gida. A watannin farko ya gwada abu biyu. Na ɗaya, bidiyoyin koyon saurin karatu a YouTube, masu cewa ka bi layi da yatsa, ka daina furta kalma a zuci. Idonsa ya ƙara gudu, abin da yake ɗauka ya ragu, ya watsar. Na biyu, ƙamus: duk kalmar da bai sani ba sai ya tsaya ya duba ya rubuta. Shafi ɗaya kan ci masa minti arba'in, kafin ya kai ƙasan shafin ya manta abin da samansa ya ce. Ya cika littafin rubutu guda da kalmomi. Da damina ta kankama ya koma gona, ambaliyar da ta ci yankinsu a watannin Agusta da Satumba kuma ta ƙarasa abin da ya rage na karatun.

Gwajin gano matsalar (Nuwamban 2022)

Bayan an koma ya zo ofis kan rajistar kariyoba. Maimakon nasihar a dage, na ba shi wani yanki na maƙalar Smith mai kalmomi kusan 900, na ce ya karanta a gabana yadda ya saba, ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar da bai gane ba.

Ya ɗauki minti goma sha ɗaya, wato wajen kalma 80 a minti. Don kwatance, Marc Brysbaert ya tattara bincike masu yawa a 2019 ya gano cewa baligi mai karanta Turanci a zuci, a rubutun da ba ƙagagge ba, yana yin kalma 238 a minti a matsakaici. Wannan na masu harshen ne, ba a sa ran wanda Turanci ya zame masa harshe na biyu ko na uku ya kai haka, amma tazarar tana da faɗi. Kalmomin da ya ja wa layi 31 ne, kenan ya san kashi 96 da ɗoriya cikin ɗari. A ido wannan kamar ya isa. Binciken Marcella Hu da Paul Nation na 2000 ya nuna mai koyon harshe yana bukatar sanin wajen kashi 98 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Bambancin 96 da 98 shi ne bambancin yin tuntuɓe sau ɗaya a kowace kalma 25 da yinsa sau ɗaya a kowace 50.

Sai na karɓe takardar.

"Faɗa mini da Hausa, me mutumin nan yake musu a kai, kuma da wa yake musun?"

"Malam, wallahi na karanta. A gida ma na karanta ta."

"Na yarda ka karanta. Musun nake tambaya."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Musu yake yi, Malam? Ni na ɗauka labari yake bayarwa."

Da muka bi takardar layi-layi sai abin ya fito fili. Sunayen garuruwa da sarakuna da ƙarnoni duk ya riƙe su. Kalmomin da suke juya akalar magana ne yake tsallakewa: however, whereas, nevertheless, allegedly, it has been assumed. Wasu bai san su ba. Wasu ya san su, bai ma ja musu layi ba, amma yana ɗaukarsu ado ne na Turanci. Marubucin ilimi kuwa yakan fara da shimfiɗa ra'ayin da zai rushe, ya ba shi haƙƙinsa na sakin layi ɗaya ko biyu, sannan da kalma guda ya juyo kansa. Wanda ya tsallake wannan kalmar zai tashi da ra'ayin da ake rushewa a matsayin ra'ayin marubucin. Abin da ya faru da shi kenan: a fahimtarsa Smith yana goyon bayan zuwan baƙi daga gabas ne, tunda ya ga an ambata.

Na tura shi asibitin makaranta a duba idonsa, don kada a gina shiri a kan matsalar tabarau. Idon lafiya lau.

Shirin da aka bi (Nuwamban 2022 zuwa Fabrairun 2023)

Ƙashin bayan shirin ba sabo ba ne. Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ya fitar da shi a 1946, ana kiransa SQ3R: a leƙa, a yi tambaya, a karanta, a faɗa da ka, a waiwaya. Ɗaliban jami'a da yawa a Najeriya sun ji shi a kwas ɗin Turanci na aji ɗaya. Shi ma ya ji, har ya ci tambaya a kansa a canki-canka. Bai taɓa gwada shi a kan takarda ta gaske ba.

Mun gyara shi daidai da matsalarsa. Kafin ya fara karanta maƙala zai ba ta minti goma yana leƙe: take, gabatarwa, kanun sassa, kammalawa. Daga nan ya rubuta tambaya ɗaya a saman shafi, wadda yake zaton marubucin na son amsawa. Yana karantawa kuma, a gefen kowane sakin layi zai rubuta jimla ɗaya da Hausa, ba da Turanci ba. Da gangan aka zaɓi Hausa. In da Turanci ne, haddarsa za ta ɗauko jimlar marubucin ta ajiye masa, ya zaci ya gane. Da Hausa babu abin kwafa, sai abin da ya shiga kai. Gaban kowace jimla zai sa alama ɗaya cikin biyu: "nasa" idan ra'ayin marubucin ne, "na wasu" idan kawowa ya yi. Ƙamus kuma an taƙaita shi, kalma biyar a shafi, sauran ya yi hasashe ya wuce. An ware masa kalmomin juya magana wajen arba'in ya fara da su, daga baya ya shiga jerin Averil Coxhead na 2000, mai iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi, goma-goma a mako.

Alamar "nasa" da "na wasu" ce ta fara kama shi. A mako na biyu ya shigo da takardarsa yana murmushi. "Malam, ashe irin na littattafan fiƙihu ne. A kawo ƙaulin wane, a kawo na wane, sannan a ce ga wanda ya fi inganci." Ya sha jin kawunsa da abokansa suna irin wannan a zaure. Bai taɓa kawowa a ransa cewa Baturen boko ma haka yake rubutu ba.

Mataki na ƙarshe shi ne rufe takarda. In ya gama, zai kife ta ya yi saƙon murya na minti uku a WhatsApp zuwa ga wani abokin karatunsa: ga tambayar marubucin, ga amsarsa, ga hujjarsa, ga wanda yake musu da shi. Sai bayan ya tura zai buɗe ya ga abin da ya bari. Dalilin wannan yana cikin gwajin Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi tuna shi bayan minti biyar. Bayan mako guda abin ya juye: masu maimaitawa sun tuna kashi 40, waɗanda suka karanta a zama ɗaya suka yi ta gwada tunowa da ka sun tuna kashi 61. Maimaita karatu yana sa takarda ta zama sananniya a ido, mutum ya ɗauka ya iya. Bitar da John Dunlosky da abokan aikinsa suka yi wa dabarun karatu goma a 2013 ta sa maimaitawa da shafa launi cikin masu ƙarancin amfani, ta sa gwada kai da rarraba bita a sama.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Makonni ukun farko karatunsa ya ƙara nauyi, shafi biyar a zaman da a da yake cinye goma sha biyar. Tes ya riske shi bai gama handawut ba, ya samu 11 cikin 30, ya zo yana cewa zai koma tsohuwar hanya. An daidaita a kan ya ci gaba da sabuwar a kwas biyu kawai, na kariyoba, sauran ya yi yadda ya saba. Jadawalin awa huɗu a rana da ya tsara wa kansa bai kai mako ba ya rushe, aka mayar da shi zama biyu na minti 45, bayan asuba da bayan la'asar, wayar tana cikin jaka. Rukunin karatu na mutum shida da suka kafa ya rikiɗe ya zama tutoriyal, mutum ɗaya na bayani biyar na gyaɗa kai. Ya fita, suka rage su biyu, shi da abokin da yake tura wa saƙon murya.

Zangon ya ƙare da 2.31. Ya cire kariyoba biyun, ɗaya da C ɗaya da B. Sauran kwasa-kwasan da ya bi ta tsohuwar hanya ba su wuce D da E ba.

Tsaiko da gyaran jadawalin bita (Fabrairu zuwa Yunin 2023)

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya hana shi yin hoton takardu, don mai injin tsabar kuɗi yake so. Ya koma karanta maƙalu a waya, jimlolin Hausar kuma suka koma cikin littafin rubutu tunda babu gefen shafi. Wannan ya zo da amfanin da ba a tsara ba: littafin ya zama abin da yake tsayawa da kansa, yana iya bita da shi ko babu caji.

Daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris an rufe jami'o'i saboda zaɓe, ya tafi gida. Har lokacin akwai giɓi a shirin. Yana gane abin da ya karanta, amma bayan wata guda ya dushe, don ba ya komawa kansa sai jarrabawa ta matso. Kawunsa ne ya ga littafin ya tambaye shi yaushe yake tilawarsa. Ya ce sai dab da jarrabawa. Yadda ya kawo mini amsar alaramman: "Kai yaro, izu ɗaya ma ka bar shi sati uku ba ka waiwaye shi ba, ai ka san ya gudu. Wa ya ce maka na boko ba ya gudu?"

Ya dawo da tsarin da ya taso a cikinsa: sabon karatu da asuba, tilawar baya da dare. Kowace maƙala zai waiwaye ta washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata, kowane karo minti biyar zuwa goma, littafi a rufe tukuna. Hermann Ebbinghaus ya auna wannan a Jamus tun 1885, ya nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, bita a kan kari kuma tana rage mata gudu. Makarantun allo sun daɗe da gina ranarsu a kan haka.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ya mayar da zaman la'asar zuwa bayan sahur. Bayan cire tallafin fetur a 29 ga Mayu kuɗin mota ya hana shi zirga-zirga tsakanin unguwar da yake haya da makaranta, sai ya riƙa wuni a laburare. Kwanan aji ya daina shi gaba ɗaya.

Sakamako (ƙarshen 2023 zuwa 2024)

Zangon farko na aji uku ya samu 3.10, na biyu 3.48. A Nuwamban 2023 an sake gwajin da wani yanki mai tsawo ɗaya daga wata maƙalar da bai taɓa gani ba. Saurinsa ya kai wajen kalma 120 a minti, kalmomin da ya ja wa layi 12, ya kuma faɗi musun marubucin da wanda ake musun da shi ba tare da ya leƙa ba. A aji huɗu duka zangunan biyu ya haura 3.50. Furojet ɗinsa a kan tarihin wata kasuwar mako ce ta yankinsu, babin bitar rubuce-rubucen magabata kuma shi ne mafi ƙarfi a ciki. Ya kammala a 2024 da 3.02, digiri mai daraja ta biyu ƙarama, wadda take farawa daga 2.40 ta tsaya a 3.49. Faɗuwar aji biyu ta riga ta ci abin da zai kai shi ta sama.

Rubutunsa na Turanci bai bi sahun karatunsa ba. Har ya gama, masu duba takardunsa suna rage masa maki a kan nahawu, kuma amsar da zai ba ka da baki cikin Hausa ta fi wadda zai rubuta kaifi nesa ba kusa ba.

Hukunci

Ba ragwanci ne ya kayar da shi ba, ba kuma raunin ƙwaƙwalwa ba. Duk abin da ya gwada da kansa, kwanan aji da alƙalamin launi da bidiyon sauri da ƙamus, ƙari ne a kan abin da dama yake yi, wato shigar da kalmomi cikin kai. Abin da ya rasa shi ne sanin cewa rubutun ilimi musu ne, akwai mai magana akwai wanda ake mayar wa martani. Shekara goma sha biyu na kwafar allo da shekara guda ta canki-canka ba su taɓa neman wannan a wurinsa ba, sun ma saka masa da maki a kan rashinsa.

A cikin matakan, biyu nake ba nauyi: jimlar Hausa mai alamar "nasa" ko "na wasu", da rufe takarda a faɗa da ka. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce zangon da ya raba kwasa-kwasansa gida biyu, sabuwar hanya ta ba da B da C, tsohuwa ta ba da D da E. Sai dai shaidar tana da rauni, domin kwasa-kwasan kariyoba karo na biyu yake zama a cikinsu, wannan kaɗai yana iya ɗaga maki. Saurin karatu, wanda ya fi damunsa da farko, shi ne ya fi ƙarancin tasiri: ya kammala yana karatu da rabin saurin mai harshen, bai kuma hana shi B ba.

Ana yawan ɗora wa makarantar allo laifin haddar da ɗalibanmu ke yi a jami'a. A wannan lamarin ban ga haka ba. Haddar da ta cuce shi ta handawut ce, wadda ake yi mako biyu kafin jarrabawa a watsar bayanta. Daga allo ya samo juriyar zama, da sabon karanto abu da ka a gaban mai gyara, da jadawalin tilawa, kuma su ne suka riƙe shirin bayan an gano inda matsalar take.

Abokin karatunsa, wanda suke musayar saƙon murya, ya bi matakan nan duka tare da shi, sakamakonsa bai motsa sosai ba. Shi ya yi makarantar kuɗi, Turancinsa ya fi na ɗalibin namu, yana kuma gane musun marubuci tun a karatun farko. Da aka zauna da shi sai aka gano Keke Napep yake ja daga magariba zuwa sha ɗayan dare don ya biya kuɗin makaranta da na haya, lakcar ƙarfe takwas kuma rabinta a barci take wuce shi.